Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Da zuciyata ta yi mini gargaɗi, likita ya ce ƙwayoyi kaɗai ba za su wadatar ba, sai an haɗa da motsa jiki na mako 12: rabi a asibiti ana kallo, rabi a gida bisa amana. Na ce ai amana gadon gidanmu ce.

Na asibiti ba ya ɗaukar wargi. A sashen gashi sai an auna jininka, a maƙala maka abin ƙirga bugun zuciya a yatsa, sannan a ɗora ka kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Na gida kuwa tattaki ne, minti 30 sau 5 a mako, ya tashi minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so. Sista ta ce in yi saurin da zan iya magana amma ba zan iya waƙa ba. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini.

To amma Garki, inda nake zaune, ba wurin riƙon amana ba ne. In na fito daga gida, ƙafafuna da kansu suke miƙewa Eriya 1 wajen masu kilishi. Tun daga nesa za a yago maka jan nan mai sheƙin ƙuli da yaji: "Alhaji, taɓa ka ji, ɗanɗano kyauta ne." Wa zai wulaƙanta kyauta? Dawowa kuwa a tasi, don kada kaya su sha rana.

Saura lissafin taku da waya ke yi. Sai na riƙa saka ta a aljihun jikana in zai tafi ƙwallo.

Ranar komawa, Sista ta duba wayar, ta dube ni. "Baba, in da gaske ne wannan takun, ai ka wuce Zuba." Ta sa ni gwajin tafiyar minti 6 a baranda. Kafin a kai rabi ina haki, ga hawan jini ya tona sauran asirin.

Yanzu Hajiya ce ke raka ni tattaki, ita ke riƙe da wayar da kuɗin tasi. Hanyar Eriya 1 an haramta mini ita har sai likita ya sa hannu.