Kifin Baƙi

Maƙwabcina ya aiko ranar Talata a zo a yi masa jaje, kyanwarsa ta mutu, kuma wai yana zargin sammu. Sammu! Mutumin da ya sayo maganin ɓera, ya barbaɗa a kan kifin banda, ya ajiye a bayan buhunan masara, daidai inda kyanwar take kwana.

Ni kifin ne ya tsaya mini a rai. Ɓeran da ke cin sabulu, ya ci kyandir, ya ci takardar shaidar haihuwar yaro, shi ake yi wa cefane. Magidanci bai shigo da kifi gidansa ba tun babbar salla, sai ga shi da ƙunshi a leda. Uwargida ta tare shi da murna: "Malam, na miya ne?" Ya ce, "A'a, na baƙi ne." Har man ja wani yake ɗigawa. Saura yaji da ruwan wanke hannu. Kyanwa kuwa tana gefe tana kallo, an ɗauka za ta yi kawaici.

In ma ta tsallake kifin, ba ta tsira ba. Irin maganin da ke tsinka jini ba ya kashewa nan take. Ɓera kan yi kwanaki yana tangaɗi a tsakar gida, sai kyanwar gida, wadda tuwo da madara suka sangarta, ta yi kamun farko a rayuwarta. Yara su yi shewa, ita ko ta haɗiyi ajalinta.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu, manoman Birnin Gwari suka koma gonakin da ke bakin dajin Kamuku, hatsi ya dawo ɗaki, ɓeraye suka biyo shi. Ba wanda ya ce a zuba musu ido, ga zazzaɓin Lassa. Amma toshe rami da siminti, zuba hatsi a duro mai murfi, ɗana tarko a ƙarƙashin kwando, duk wannan aiki ne, shi ya sa ba ma so. Mun fi son kwalbar Sniper, wadda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwa tun 2019, mu tsiyaya a lungun da jariri ke rarrafe. Wannan sakarci ne, ba abin dariya ba.

Sai mai tallan maganin ɓera da ke yawo da lasifika da busassun ɓeraye rataye a igiya, shaida ke nan. Akwai wani mai guntun wutsiya a cikinsu da duk unguwa ta san shi. Ya je Kuyello, ya je Randagi, ya fi wasu 'yan siyasarmu zaga mazaɓa. Aka tambayi mai tallan ko maganin yana taɓa kyanwa. Ya ce, "Haba Alhaji, ai an rubuta na ɓera ne."