Majinyacin da Ba Ya Bayani

Ɗalibin da ya kai kansa asibitin dabbobi a Funtua ko Malumfashi domin aikin sa kai, da fatan wata rana zai karanci likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yakan tarar cewa darasin farko shi ne dabaibayi, wato ɗaure ƙafafun bijimin huɗa da igiya, tun da majinyacin ba ya faɗin inda ke masa ciwo, da harbi yake amsa tambaya. Mai bijimin kuwa tun daga gida ya yanke cewa sammore ne, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, har ya yi masa allura da kansa, saboda haka abin da ya kawo shi wurin likita shi ne a gaskata bincikensa, sannan a rage masa kuɗin magani.