Baba Ya Ce Ba Shi Nan

Wai yanzu an ce a riƙa koya wa ɗalibai ilimin kuɗi: yadda ake cin bashi, yadda ake biya, yadda ake tattalin abin hannu. Har Babban Bankin Najeriya ya sa baki, a watan Maris ma'aikatan bankuna kan zaga makarantu suna yi wa yara bayanin ajiya da rance. To, madalla. Sai dai a shaida wa malaman cewa yaran garinmu Damaga ba da kai fanko suke shiga aji ba. Mu iyayensu mun riga mun buɗe masu karatun tun ba su iya ɗaura wando ba.

Darasin farko a zaure ake yin sa. Mai bin bashi ya yi sallama, muna ƙuryar ɗaki mun yi lamo, sai mu tura yaro, shi kuwa ya sauke saƙo yadda aka ɗora masa: "Baba ya ce ba shi nan." Na biyu a shagon unguwa: "Je ka amso sabulu da gishiri, ka ce a rubuta." Kuma a duk garin nan mai shago kaɗai muka yarda ya rubuta mu. Kowa ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mun ji ta a tafsiri har mun gyaɗa kai. Amma ɗan'uwanka ya ranta maka dubu hamsin ya ɗauko biro, nan take za ka ɓata rai: "Haba Yaya, ni da kai har sai an kai ga takarda?" Bayan shekara biyu ku ne a gaban mai unguwa, shi yana cewa rance ne, kai kana rantsuwa gudummawa ce.

Iyayenmu mata su ba ruwansu da biro, littafinsu yana ka. Gwaggo da ke mance inda ta aje makulli tana sane da abin da kowace mace ta kawo mata a bikin ɗiyarta shekara goma baya, kuma ta san ranar da bikin waccan ya zo sai ta mayar da ƙari, in ba haka ba a yi da ita a bakin rijiya. Ga adashi kuma. Kowa na son kwasar farko, kowa da uzurinsa mai ban tausayi. Da an kwasa sai zubi ya fara nauyi, uwar adashi ta koma bin gida-gida kamar mai karɓar haraji. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa ba mai iya yi wa wani dariya da ƙarfi.

Inda muka fi gwaninta shi ne maganar riba. Mu Zamfarawa ne, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, a ce mana banki na sa kuɗin ruwa sai mu yi a'uzubillahi mu kauda kai. Amma tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, taki ya yi tsada, sai mu lallaɓa gidan Alhaji mu ci falle: ya ba da kuɗi yanzu, da kaka a auna masa shinkafa a farashin da shi ya yanka. Ran Talata a kasuwar Mafara ka ga buhunka ana sayar da shi kuɗin da kai ba ka ko yi mafarki ba. Da ɗan sakandare zai zauna ya buga mana lissafin nan, da ya gano ruwan da ke ciki ya isa ya cika dam ɗin Bakolori. Mu dai sunansa taimako, har addu'a muke yi wa Alhaji.

Bashin gwamnati kuwa, Allah ya yafe mana. Da aka ƙaddamar da rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, da yawanmu rabonmu muka ɗauke shi. Wasu sun yi noma, wasu sun sayi babur, wasu kuma amarya ta tare.

Dukiya ma ɓoye ta muke koya wa yara. Tambayi mutum shanunsa nawa, ya ce "'yan abin da ba a rasa ba." Da tunkiya ita ce asusunmu, ta haihu ka samu ƙari, lalura ta taso a ja ta kasuwa. Ɓarayin daji sun lalata wannan tsarin, mutane da dama sun wayi gari garke babu komai, kuma wannan kam ba abin raha ba ne.

Yanzu ga 'ya'yanmu a Abdu Gusau Polytechnic da sauran manyan makarantu ana ta maganar NELFUND, asusun rancen ɗalibai da ya fara aiki a 2024: ba kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Yaro ya dawo hutu ya yi wa dattawan majalisa bayani tiryan-tiryan, kowa ya ce Allah ya yi albarka. Sai wani daga ƙarshen tabarma ya matso, ya rage murya: "To ɗana, shi ma wannan ɗin, biya ake yi?"