Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Malmalar Wani

Wurin ƙiyasi, Bahaushe ba ya da na biyu. Kai shi kara ana jajibirin Babbar Sallah, sau ɗaya zai dafa ƙugun rago ya gaya maka ko kitse ne ko ruwan gishiri aka ɗura masa. Uwargida kuwa tun daga bakin rumfa take gane mudun da aka lotsa wa gindi. Amma ranar da likita ya ce a rage ci, ranar idon nan ke kamuwa da yana. Malmalar da za ta ƙosar da leburori biyu sai ka ji an kira ta “ɗan abin taɓawa”.

Uzurin farko shi ne babu sikeli, kuma wa zai shiga gidan biki da sikeli a hammata? To, masana abinci sun daɗe da toshe wannan kafa, sun ce ma'auninka na jikinka. Dunƙule hannu: girman tuwo, shinkafa, taliya ko doyar da za ka ci ke nan, kusan kofi ɗaya. Buɗe shi: faɗin tafi da kaurinsa, ban da yatsu, shi ne rabonka na nama ko kifi, wajen giram 100. Babban yatsa shi ne mai, kimanin cokali ɗaya. Ganye kuwa ka cika hannu biyu, ba mai yi maka faɗa. Hikimar ita ce hannun kowa daidai jikinsa yake, kuma ba a manta shi a gida.

Dabara ce mai kyau, sai dai masu ita ba su san Alhaji ba. Da ya dawo daga asibiti, tambayarsa ta farko ita ce, “Hajiya, dunƙulen wa likitan ya ce?” Aka ce nasa. Ya dubi hannunsa, ya dubi na direbansa, wanda tsohon ɗan dambe ne, ya ce ai dokar ba ta hana wakilci ba. Da aka ƙi, sai ya koma dunƙulewa sako-sako, yatsu a ware, har kana iya hango ƙofar gida ta tsakaninsu. Daga baya aka daidaita a kan malmala ɗaya. Washegari sai ga sabuwar mara a kicin, wadda ba a san wanda ya sayo ta ba, faɗinta ya kusa na faifai.

Wurin mai tsire kuma tafin hannun Alhaji ba ya da iyaka. Yana farawa daga kan farce, ya ƙetare agogo, wani lokaci sai gwiwar hannu. Yankan da mai nama ke miƙo masa a bakin wuƙa kuwa ba ya cikin lissafi, wannan ɗanɗano ne, kuma ba a mai da hannun kyauta baya.

Hajiya ba ta irin wannan maguɗi, ita tuwonta kaɗan ne da gaske. Matsalarta kwalba. Ba ta auna mai da cokali, karkata kwalbar take yi tana waya, sai hira ta ƙare mai ya tsaya. Ga shi kuwa kowane giram na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, manja ko man shanu ya kai wajen kalori 120, alhali dunƙulen dafaffiyar shinkafa bai fi 200 da 'yan kai ba. Ke nan cokali biyu a kan garau-garau sun fi shinkafar kanta nauyi. In ka yi magana ta ce, “Ni fa yanzu ganye nake ci.” Gaskiya ne, akwai zogale a kwanon, sai dai ka tona ƙuli-ƙuli da mai kafin ka yi masa sallama.

Akwai kuma fatawar da duk masu rage tumbi suka haɗu a kanta ba tare da sun yi taro ba: abin da ba a tauna ba, ba a ci ba. Mutum ya sha shayi mai kauri da safe, da rana ya shanye kwanon fura da nono da sukari, da la'asar ya kora da lemon kwalba, sannan ya dafe ciki ya ce, “Wallahi yau ko loma ban kai baki ba.” Bai yi kaffara ba, amma kwalbar nan mai santilita 35 tana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ma da hali ya tsaya a 6.

Sai dai a yi adalci, laifin ba na mai ciki kaɗai ba ne. A tire ɗaya muke ci, inda ba wanda ya san lomar da ya yi, kowa rami yake haƙawa har ya haɗu da na maƙwabcinsa. Ka ce bari ka ɗebi naka a faranti, rabi ganye, kwata nama, kwata tuwo, kamar yadda ake koya wa masu ciwon suga, sai ƙaninka ya ce, “Yaya, ƙyamarmu ka fara yi?” Ka daure wata biyu wuya ya ɗan fito, sai Gwaggo ta riƙe haɓa: “Ɗan nan, lafiya kuwa? Ko matar taka ba ta ba ka abinci ne?” Maganar ta isa kunnen uwargida, ita kuma don kare mutuncin gidansu ta ƙara malmala, ta ƙara man shanu. A garin da tumbi ne shaidar hutu, mai rage ƙiba sai ya shirya amsa tambayoyi a kan karayar arziki.

Malamai sun koya mana kasa ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Alhaji bai musa ba, shi ma uku yake kasawa: tuwo, miya, nama. Numfashi sai bayan an sassauta tazuge. Ragowar yara kuma dole a cinye, don almubazzaranci haramun ne, ƙanzo kuwa kowa ya san ba tuwo ba ne.

Mutum ɗaya ne duk wannan lissafi ba ya ruɗawa, shi ne tela. Tef ɗinsa bai san ɗanɗano ba, bai san kunyar Gwaggo ba. Ran nan ya zagaya shi a cikin Alhaji, ya yi shiru. Alhaji ya ce shaddar zamani ce ba ta da amana, wanki ɗaya sai ta tsuke. Tela ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe. A dai ƙaro yadi ɗaya kafin Sallah.”