Hita a Motar Garhanga? Ku Gama Dariyar Tukuna

Na san abin da za ku ce. Mutumin da zai zauna ya yi wa Adarawa bayanin hitar mota, a ƙasar da zafin Afrilu ke haye digiri 40, ko dai ya rasa aikin yi, ko rana ta taɓa masa kai. To Alhaji, gyara zama. Kai ma na can baya da ke ƙunshe dariya cikin rawani, ina ganinka.

Mu ɗauki Fijo 504, tunda ita kuka sani. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, daga baya kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru, har ta cika tashoshinmu. Je ka tsaya gabanta, ka dubi tsakanin bonet da gilashin gaba. Ka ga 'yan ramukan nan da karen mota ke ɗora kofin shayinsa a kai? Nan ne hancin motar. In tana gudu, iska na taruwa a gindin gilashi, ta danna kanta ciki ba tare da an roƙe ta ba. Kuma wurin ya yi nesa da ƙurar tayoyi da tururin inji. Idan mota na tsaye, akwai 'yar fanka a ciki da ke karɓar aikin.

Sai ku ce, mu dai sauke gilashi muke yi, Allah ya ba mu iska kyauta. Haka ne. Shi ya sa duk wanda ya biyo burjin Buza zuwa Keita yake sauka da jan gemu, har iyalinsa su tsaya tantama kafin su yi masa sannu da zuwa. Gilashi a buɗe yana zuƙe iskar cikin mota waje, sai ƙura da hayaƙin salansa su kutso ta kowace kafa ta baya don cike gurbin. Ka rufe gilasai, ka buɗe hancin nan, ka kunna fanka: iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi, ita ke turawa, ƙura ta rasa ƙofa. Na yarda, in an cusa mutum tara da buhun albasar Galmi da akuya, wannan shawara tana bukatar ƙarfin hali.

Yanzu ga hitar da kuke yi wa dariya. Ba wuta ba ce, ba ta shan mai. Ƙaramin lagireto ne ɓoye a ƙarƙashin allon gaban direba. Tiyo ɗaya na kawo masa ruwan da ya zaga inji ya yi zafi, wajen digiri 80 zuwa 90, wani tiyon na mayar da shi. Akwai famfo a hanya, wanda ɗan hannun nan mai ja da shuɗi ke buɗewa. Iskar da ta shigo ta hanci ta ratsa ƙaramin lagireton, ta ɗauki ɗumi, sai ka zaɓa mata: ƙafa ko gilashi. Zafin da dama za a zubar a hanya ne aka ce a ɗan raba da fasinja.

Wa ke bukatarsa? Ku mana. Ku da ke fitowa kasuwa da asubar Janairu, hunturu na kaɗawa daga kan duwatsun Adar, sanyi ya sauko wajen digiri 15, kun naɗe da bargo har ba a gane malam da almajirinsa, haƙora na kaɗawa, ana ta "direba a rufe gilas!" Da damina kuma, in numfashin mutum tara ya lulluɓe gilashin gaba, direba na gogewa da hularsa, alhali ga abin da aka yi don hakan a gabansa.

Amma a yawancin tsofaffin motocinmu, ja hannun nan har ka gaji, ba abin da zai fito. Leƙa cikin bonet za ka ga dalili: bakanike ya cire tiyon biyu ya haɗe bakinsu, ko ya toshe da guntun ice. Ba na ganin laifinsa sosai. Shekaru ana ɗura wa mota ruwan rijiya, gishirinsa da lakarsa sun toshe siraran hanyoyin ƙaramin lagireton, tsatsa ta huda shi, ya fara ɗiga a ƙafar fasinja. Inda nake faɗa da shi, sai in ya zare tamostat, mai riƙe wa inji zafin aikinsa, ya jefar, wai na ƙasar sanyi ne. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Masu tsohuwar Land Rover, irin ta zamanin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, ku naku sauƙi ne: marufi biyu a ƙasan gilashi, ka tura su buɗe, iska ta bugi ƙirji, wani lokaci har da fara. Mai Volkswagen ƙirar kunkuru kuwa ya yi hattara. Injinta ba ruwa, ɗuminta daga jikin salansa ake ɗebo shi, in ƙarfen ya ruɓe hayaƙi mai kisa ne zai shigo, kuma gubar ba ta da wari.

Saura wadda za ku ce ƙarya nake. Tsakar rana a watan Mayu, mota cike maƙil tana hawan tudu, allurar zafi ta doshi ja. Direban da ya san hannunsa sai ya buɗe hita har ƙarshe, ya saki fanka, a sauke gilasai duka. Ƙaramin lagireton nan ya taya babban zubar da zafi, sau da yawa allura ta ja da baya har a kai inda za a tsaya a duba. Zafin kuwa ba wani wuri za shi ba sai ƙafafun wanda ke gidan gaba, wato kai Alhaji, da ka biya kuɗin mutum biyu don kada a matse ka.