Taubashinka Ya Zama Ɓarawo a Wiskonsin

Zuwa ga taubashina Habu,

Ina fatan kana lafiya, kai da Kawu da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyin da ya kulle kowa a ɗaki.

Ka tambayi abin da nake yi da daren Asabar tunda nan babu majalisa. To gyara zama: na zama ɓarawo. Kafin ka ruga kai rahoto, a wasa ne, sunansa Dungeons & Dragons. Ɗan jihar nan ne, daga wani ƙaramin gari, Lek Jeniba, inda Gary Gygax ya fitar da shi a 1974, shi da Dave Arneson. Ba a sa ko sisi, saboda haka kar ka ce caca. Takarda ce da fensir da ɗan ludo mai fuska 20. Mutum guda ne alƙali, shi ke tsara labari yana sako mana dodanni, mu kuma kowa da sana'arsa. Muna da matsafi, da mai warkarwa, da gwarzon da in ya fusata rabin illa kawai makami ke masa, ɗan tauri sak. Sai ni mai suka ta baya.

Makon jiya dodanni suka tare mu a bakin kogo. Littafin dokokin wasan ya ce kowane zagayen faɗa daƙiƙa 6 ne. Wallahi shayina ya huce, an sake dafa wani, ba mu gama zagayen farko ba.

Matsafi ne ya tada ƙurar. Ya ce zai jefa ƙwallon wuta, wadda ake lissafin ɓarnarta da 'yan ludo 8, kuma tana cin duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ta faɗa, ba ruwanta da aboki. Gwarzonmu kuwa yana tsakiyar dodannin. Ya buga tebur ya ce fushinsa ƙarfe yake tarewa, wuta kam ƙona shi za ta yi. Matsafi ya ce to ya ja da baya mana. Gwarzo ya ce in ya juya, duk dodon da ke kusa da shi doka ta ba shi sara ɗaya kyauta. Nan ni ma na sa baki, domin sukata ba ta yin ƙarfi sai in na ɓoye, ko in akwai namu tsaye dab da abokin gaba. In gwarzo ya matsa, kasuwata ta watse.

Muka juya ga mai warkarwa, wadda a zahiri ɗalibar aikin jinya ce. Ko a jikinta. Ta ce ba za ta ɓata maganinta ba sai mutum ya faɗi, tunda wanda ya rage da numfashi ɗaya saransa daidai yake da na mai cikakkiyar lafiya. Allah ya kiyaye mu da kwanciya a hannunta.

Alƙali ya buɗe littafi ya karanta dokar, mutum huɗu muka fito da fassara biyar. Daga ƙarshe aka jefa wutar, dodanni suka ƙone, gwarzo ya zube, ita kuma ta tashe shi da kalma ɗaya daga inda take tsaye. Suna ta musun wa ya yi daidai, ni na kwashe zinariyar kogon, kowa dai da aikinsa.

Duk daren kai nake tunawa. Gardamar da kake zubarwa a banza a teburin mai shayi kan bugun fanareti, nan littattafai gare ta masu bango mai kauri, har taron shekara ake mata a Indiyanafolis. Da za ka zo, ko dai su naɗa ka sarki ko su kore mu tare.

Ka gaida Kawu, ka ce masa karatu na tafiya daidai. In an samu mai tahowa, a aiko min da yaji da kuka. Maganar sana'ata kuma ta tsaya tsakaninmu, in ba haka ba ni ma in faɗi wanda ya faɗi da babur ɗin Kawu.

Naka har kullum,
Sadisu