Ladubban Sulhu Tsakanin Kwamfuta da Na'urar Karatu

Na'urar karatu, wato ƙaramin allo irin su Kindle da Kobo da ake loda wa littattafai, tana da haƙurin yin makonni ba ta nemi caji ba, amma da zarar an jona ta da kwamfuta domin a zuba mata littafi, takan yi gum kamar ba ta taɓa ganin kwamfutar ba. Wanda wannan ya faru da shi ana shawartarsa ya haɗiye fushi, ya bi matakan sulhu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda za a fara tuhuma shi ne kebul, domin cikakken kebul na USB yana da siraran wayoyi na kai wuta da na kai saƙo, alhali wasu na araha wuta kaɗai suke kaiwa, shi ya sa na'urar kan ci cajinta hankali kwance kwamfuta ba ta san da zuwanta ba. Mai Kobo kuma ya leƙa allonta, saboda sai an amsa tambayar da ta yi kan haɗuwa da kwamfutar take buɗe ƙofa.

Babbar rigimar ita ce ta manhajoji. Kindle ɗin da suka fito a shekarar 2024 suna amfani da MTP, ƙa'idar musayar fayil da wayoyin Android suka saba da ita, wadda ba ta sauraron manhaja biyu a lokaci guda. Saboda haka idan aka buɗe Calibre, manhajar kyauta ta tsara littattafai da Kovid Goyal ya fara a 2006, alhali Android File Transfer a kwamfutar Mac ko mai lura da fayiloli a Linux ya riga ya kama na'urar, to Calibre zai yi ta jira ne a banza. Hukuncin a nan daidai yake da na ranar girki: kowa da ranarsa, kuma mai adalci zai rufe ɗaya gaba ɗaya, ya zare kebul, ya sake jonawa, sannan ya kira ɗayar.

Idan littafin ya shiga amma ya ƙi bayyana, a binciki nau'insa, domin Kobo na karanta EPUB kai tsaye, Kindle kuwa, in ta kebul ne, sai an juya mata shi zuwa nau'i irin AZW3, aikin da Calibre ke yi cikin sauƙi. In taurin kai ya ci gaba, a danne maɓallin kunna Kindle na daƙiƙa 40 har ta farfaɗo. Bayan an gama, ladabi ya wajabta a sallami na'urar daga kwamfuta kafin a zare kebul, domin fizge shi ana tsakiyar rubutu na iya lalata littafin da aka sha wahalar shigarwa.